Yadda Ake Shirya Cibiyar Kwamfutoci Don Ƙirƙirarriyar Basira

Gwamnatin jiha ko kamfanin da ya ƙuduri aniyar gina cibiyar da za ta ɗauki ayyukan ƙirƙirarriyar basira a Arewacin Najeriya, ya kamata ya fara da lissafin wutar lantarki tun kafin ya tambayi farashin na'ura ko guda. Na'urar H100 ta kamfanin Nvidia, wato na'urar lissafi mai ƙarfi da ake sawa cikin kwamfuta, wadda aka horar da manyan manhajoji da yawa a kanta, tana jan wuta har wat 700, kuma akan haɗa takwas a cikin kwamfuta ɗaya mai shan kusan kilowat 10. Saboda haka wanda ya sayi H100 guda dubu yana buƙatar wajen megawat 1.3, idan kuma aka ƙara wutar sanyaya ɗaki, buƙatar za ta doshi megawat 2, dare da rana, ba tare da ɗaukewar ko da daƙiƙa ɗaya ba.

Da wannan adadi a hannu ake zuwa neman tushen wuta. Babban layin ƙasa, wanda yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 yake rarraba wa mutane fiye da miliyan 200, kuma yakan durƙushe gaba ɗaya lokaci zuwa lokaci, ba zai zama madogara shi kaɗai ba. Dole a tanadi hanyoyi biyu waɗanda lalacewar ɗaya ba ta shafar ɗaya, a sa batura masu riƙe wuta na 'yan mintoci kafin janareto ya tashi. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka ana iya kafa ƙaramar tasha kusa da cibiyar. Sola tana da amfani ƙwarai a nan, sai dai da rana kawai take aiki, kuma baturan da za su ɗauki megawat biyu har gari ya waye ba ƙaramin kuɗi suke ci ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, zai sauƙaƙa al'amarin, amma a ganina kada kowa ya ɗora lissafinsa a kansa sai ya ga gas ya iso filinsa. A zauna da kamfanin rarraba wuta da wuri, a kuma yi odar taransifoma tun kafin a sa harsashi, domin isowarsa na ɗaukar watanni masu yawa. Ƙasar Ireland ta nuna abin da ke faruwa idan gini ya riga wuta: irin waɗannan cibiyoyi sun sha kashi 21 cikin ɗari na lantarkin ƙasar a 2023, bayan hukumomi sun riga sun tsaurara haɗa sababbi da layi a kewayen Dublin, babban birnin ƙasar.

Duk wutar da ta shiga na'ura zafi take komawa, shi ya sa sanyayawa ke bin bayan lantarki. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan hunturu ya zo da ƙurar da ke toshe matatar iska. Busasshiyar iskarmu ta dace da sanyaya ta hanyar tururin ruwa, amma hanyar tana cin ruwa mai yawa, kuma bai kamata cibiya ta riƙa gasa da rijiyoyin burtsatsen unguwa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne rufaffen bututu wanda ruwa ɗaya ke zagayawa yana kwashe zafi daga jikin na'ura. Manyan akwatunan jera kwamfutoci na Nvidia masu shan kusan kilowat 120 kowannensu ma da ruwa ake sanyaya su, iska ba ta isar su.

Sai maganar intanet. Yawancin manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suke sauka, kusan kilomita dubu daga Kano. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, harkar bankuna ta yi tangal-tangal na kwanaki. A yi yarjejeniya da kamfanoni biyu, amma a nemi taswirar layukansu, domin sau da yawa wayoyin biyun a rami ɗaya suke kwance a gefen titi, mai gyaran hanya ɗaya zai iya yanke su tare. A kuma haɗa cibiyar da mahaɗar IXPN da ke Kano, inda kamfanonin intanet na Najeriya ke musayar bayanai kai tsaye, don bayanan cikin gida su daina yin dogon zagaye.

Bayan an kammala waɗannan ne ake zaɓen na'urori, kuma zaɓen ya danganta da aikin. Horar da babbar manhaja daga farko na buƙatar dubban na'urori, amma gudanar da wadda aka riga aka horar, ko gyara ta don ta fahimci Hausa da Kanuri da Fulfulde, 'yan gomomi sun isa a soma. A gina ɗaki ɗaya, a bar fili da hanyar waya don na biyu. Idan bayanan marasa lafiya ko na 'yan makaranta za a adana, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan cibiyar tun ranar farko. Injiniyoyin lantarki da na sanyaya ɗaki kuwa, a ɗauke su aiki tun ana gini, su ga inda kowace waya da kowane bututu suka bi kafin a rufe su.