Darasi na 14: Ƙosan Ɗanyar Masara, Ba Ƙwai

Daga tsakiyar marka, wajen watan Agusta zuwa Satumba, duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ranar Alhamis zai ji ƙamshin masara a kan garwashi. Tana shigowa Damagaram daga fadamun Mirya, da yankin Matamai da Magarya, wasu kuma a bayan ɗaki suke shuka ƴar kaɗan. Mu dai hatsi ne cimarmu, masara baƙuwa ce mai ɗan kwana, shi ya sa yawancinmu gashi da dahuwa kawai muka san yi mata. Yau za mu koyi hanya ta uku: soya ta kamar ƙosai.

Da na kawo wannan magana a aji, tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Malama, ƙwai nawa ake sa wa?" Ba a sa ko ɗaya. Ku tuna ƙosan wake da muke ci kullum safe. Wa ya taɓa fasa masa ƙwai? Amma ga shi yana fitowa daga mai dunƙule, bai watse ba. Ɗanyar masara ma tana da abin da ke riƙe ta a cikin jikinta. Ƙwan zabin damina kuwa, ku dafa wa yara su ci, ko ku sayar. Akwai ma yaran da ƙwai ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje, su ma wannan ƙosai nasu ne.

Karatu

A karanta a hankali. Mutum ɗaya ya zama Inna, ɗaya ya zama matar ɗanta.

"Inna, sannu da hutawa. An kawo masara daga gona."

"Madalla, ƴar nan. Yaushe aka karyo ta?"

"Yau da safe, Inna. Ga shi babu gawayi, kuma yara sun gaji da dafaffiya."

"To mu soya. Ɗauko turmi da wuƙa."

"Inna, ai ba mu da ƙwai. Me zai riƙe ƙullun?"

"Matsa ƙwaya ɗaya da farcenki. Me kika gani?"

"Wani farin ruwa kamar nono."

"To shi ne ƙwanmu."

Zaɓen masara

A nan aikin yake, don haka za mu daɗe a kai. Idan kika yi kuskuren zaɓe, duk iyawarki ba za ta gyara ba.

Duba ɓawon goyon. Ya kasance kore shar, ya rungume goyon sosai. Gemun da ke bakinsa ya yi duhu ya fara bushewa. Sai ki ɗan buɗe ɓawon, ki danna ƙwaya ɗaya da farcen babban yatsa. Idan ruwan da ya fito garai ne kamar ruwan randa, masarar ba ta ƙosa ba, ƙullunta zai tsinke. Idan fari ne kamar nono, ita muke nema. Idan kuwa farcenki ya kasa shiga, ko ƙwayar ta lotsa a kanta, ta wuce, a bar ta ta bushe a yi gari. Masu gona su lura, wannan lokaci na nono yana zuwa kimanin mako 3 bayan goyo ya fitar da gemu, kuma ba ya jimawa.

Me ke cikin farin ruwan nan? Zaƙi ne da sitaci. Sitaci shi ne abin da ke sa kunu ya yi kauri idan ya ji zafi. Da zarar ƙullu ya faɗa cikin mai, sitacin zai kumbura ya yi danƙo, ya kama ƙwayoyin wuri ɗaya. Aikin da ƙwai zai yi ke nan. Amma da an karya goyo daga kara, zaƙin yana fara juyewa, ruwan yana ƙafewa, balle a zafinmu. Masarar da aka karya da safe, a soya ta a ranar. Idan dole sai ta kwana, kar ki ɓare ta, ki ajiye ta a inuwa kusa da randa, ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.

Ina roƙonku abu ɗaya. Goyon da kika ga ya yi fumfuna, kore-kore ko baƙi-baƙi, ki jefar da shi duka. Kar ki ce za ki yanke wurin ki ci sauran. Fumfunar masara tana iya ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Wurin da tsutsa ta ɗan ci a baki kawai, idan babu fumfuna, shi ana iya yankewa.

Abin da za a tanada

Da kofi ɗaya za ki yi duk awon, kofin shan ruwa na gida.

Goyon masara 6
Garin fulawa rabin kofi
Garin wake rabin kofi
Albasa 1
Attarugu 2
Gishiri rabin ƙaramin cokali
Nono mai tsami cokali 4
Kanwa kamar girman ƙwayar wake
Man gyaɗa

Goyo 6 madaidaita za su ba ki ƙwaya wajen kofi 3. Idan babu garin wake, cika kofin da fulawa, zai yi. Amma ni na fi son a sa waken, domin masara ita kaɗai ba ta cika gina jiki ba, idan ta haɗu da wake sai kowanne ya cike abin da ɗan'uwansa ya rasa. Ga mai yara ƙanana wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake yi

Wanke hannunki da sabulu. Jiƙa kanwar a cikin ruwa cokali 3, ki ajiye gefe ta kwanta.

Ɓare masarar, ki tsince gemun tas. Tsayar da goyo a cikin faffaɗan kwano, ki riƙe kansa, ki yanka da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, wuƙar tana nesa da yatsunki. Kar ki nutsa wuƙa har cikin totuwa, ƙaiƙayinta zai shiga ƙullu. Bayan kin gama, juya wuƙar, ki kankare totuwar da bayanta. Za ki ga nono mai kauri yana gangarowa. Mata da yawa suna jefar da totuwa da nononta a jiki, sannan su ce ƙosai ya ƙi haɗuwa. Kankare kowace ɗaya har sai ta daina ba da ruwa.

Raba ƙwayar kashi 3. Zuba kashi 2 a turmi tare da albasa da attarugu, ki daka har su yi laushi kamar ƙullun ɗanwake mai ɗan ruwa. Kwashe. Sauran kashi 1 kuma ki ɗan farfasa shi kawai, bugu biyar ko shida. Shi ne zai sa a ji masara a haƙori idan ana ci. Me ya sa ba za a bar shi ɗungum ba? Ƙwayar da ba ta fashe ba, ruwan cikinta yana tafasa a mai, ba shi da mafita, sai ta yi bindiga ta fallatsa miki mai a fuska. Ni kaina akwai tabon haka a hannuna tun ina budurwa.

Injin markaɗe yana da sauri, amma mai inji sai ya zuba ruwa, ƙullun kuma ya yi laushi fiye da kima. Turmi ya fi. Kuma kun ga daɗin wannan girki a garinmu da ruwa ke da tsada: babu surfen wake, babu wanki sau uku sau huɗu. Ruwan wanke hannu da na kwano ya isa.

Haɗa dakakkiya da farfasasshiya a kwano ɗaya. Zuba fulawa da garin wake da gishiri, ki juya. Zuba nonon. Bar ƙullun ya huta minti 10, garin ya sha ruwan masara. Sai dab da za ki fara suya ki zuba cokali 1 na ruwan kanwar, na sama wanda ya kwanta. Kanwa idan ta gamu da tsamin nono tana tayar da ƴan kumfa, su ne ke sa cikin ƙosai ya yi sakayau. Kar ki wuce cokali 1. Kanwa da yawa tana sa ɗaci, ta canza launi, ƙosai kuma ya sha mai. Wadda ba ta da nono ta bar kanwar ma, ta buga ƙullun sosai da muciya. Zai ɗan fi nauyi, amma da daɗinsa.

Ɗebo ƙullu da cokali ki karkata. Ya kamata ya ɗan tsaya, sannan ya faɗo dunƙule. Idan ya zuba kamar koko, ƙara fulawa cokali ɗaya ɗaya. Idan ya maƙale ya ƙi sauka, ƙara nono ko ruwa kaɗan. Masarar kowa da ruwanta, don haka idonki ne ma'auni na ƙarshe.

Suya

Ba sai mai ya cika kasko ba. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya ya wadatar. Wuta madaidaiciya. Jefa ɗan ƙullu kamar ƙwayar gyaɗa: idan ya taso nan take yana tsuwa, mai ya yi. Idan ya kwanta a ƙasa shiru, jira. Idan mai yana hayaƙi, janye itace.

Sa ƙullu cokali ɗaya ɗaya, ki sauke cokalin kusa da man, kar ki jefo daga sama. Ɗan danna kansa ya yi faɗi, domin wannan ba kamar na wake ba ne, idan ya yi tudu waje zai ƙone ciki ɗanye. Kar ki cika kasko. Kuma kar ki taɓa shi da wuri! Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ƙullun da ba ƙwai sai ƙasansa ya yi ɓawo yake iya juyuwa. Ba shi minti 2 zuwa 3, sai kin ga gefensa ya yi ja, sannan ki juya sau ɗaya, ki ba ɗaya gefen kamar haka. Tsame a kwando man ya tsane. Fasa na farko ki duba ciki, ki ɗanɗana gishiri kafin ki ci gaba.

Mai tanda ta gwada a tanda, kamar masa. Mai kaɗan take ci, kuma ƙosan yana fitowa kai ɗaya, ya fi kyau ga mai sayarwa.

Yara su yi nesa da murhu, na goye kuma a ba wani ya riƙe. Idan wuta ta kama man kasko, kada a zuba ruwa, ruwa yana watsa wutar ne. A rufe kaskon da marfin ƙarfe, a janye itace. Wanda mai ya ƙona, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi, mai tsabta, na minti 20, kar a shafa komai. Idan ƙunar babba ce ko a fuska take, a tafi likita.

Ana ci da zafinsa, da yajin ƙuli, da koko ko kunun tsamiya. Ba ya son kwana.

Rubutu

Darasin yau cike yake da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ƴar lanƙwasar nan tana canza magana gaba ɗaya. Karanta waɗannan da ƙarfi, ka ji bambancin a bakinka, sannan ka kwafa a littafinka:

kara, ƙara
daka, ɗaka
bare, ɓare
baki, baƙi

Cike gurbi da kalmar da ta dace:

1. Na ______ masara na cire gemunta.
2. Inna ta ______ albasa a turmi.
3. Gishiri bai ji ba, a ______ kaɗan.
4. Idan mai ya yi ______, a daina suya da shi.

Lissafi

Mun san dala 1 ita ce sefa 5, jika 1 kuma dala 200. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai, a gida ki sake lissafin da farashin da kika tarar a kasuwa.

A ce kin sayi masara ta dala 40, gari na dala 20, albasa da attarugu da nono na dala 10, itace na dala 10, man da suya ta cinye kuma na dala 30. Nawa kika kashe duka? Kin samu ƙosai 30, kina sayar da kowane ɗaya dala 5. Nawa ne cinikin? Cire abin da kika kashe, nawa ne ribar? Rubuta ribar da dala, sannan da sefa.

Yanzu a ce yaran gida sun cinye 6 kafin a fita da tire. Sake lissafin. Mai da itace su ne abin da masu sana'a suka fi mantawa da shi, don haka a rubuta su a layinsu ko da itacen daga gona aka ɗebo.

Ranar darasi mai zuwa, kowa ya zo da goyon masara ɗaya da ɓawonsa, wanda ya zaɓa da kansa. Za mu gwada su da farce ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya gani: ruwa, nono, ko tauri. Masu turmi kusa da makaranta su taimaka da guda biyu, kasko da mai ni zan kawo.