Darasi na 6: Komawa Motsa Jiki Bayan Tiyatar Faifan Baya

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne 33 a jere, 5 daga cikinsu a ƙugu. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, shi ke rage girgiza idan muna tafiya ko ɗaukar kaya. Wani lokaci gefen faifan ya kan tsage, taushin ya ɓullo ya danne jijiya. An fi samun haka a faifai biyu na can ƙasan ƙugu. Jijiyar da ke sauka ƙafa ta nan take fita, shi ya sa matsalar tana baya amma zugin ya bi ɗuwawu da cinya har dunduniya.

Abin da likita ke yi a tiyata shi ne ya cire ɓangaren da ya danne jijiyar. Ba ya sa sabon faifai. A riƙe wannan da kyau, don sauran darasin a kansa ya ginu.

Me ya sa har yanzu da ciwo?

Mutane da yawa kan farka su ji zugin ƙafa ya ragu sosai. Amma sagewa, da jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafa, da rashin ƙarfi, waɗannan sukan yi watanni, wani ma har shekara. Kamar yatsan da ƙofa ta datse ne: an buɗe ƙofar, amma zugin bai tafi nan take ba. Jijiya ba ta saurin warkewa, musamman idan ta daɗe a danne. Ga kuma tsokar da aka ratsa wajen aikin, ita ma tana nata tsamin. Don haka ragowar ciwo ba ya nufin aikin bai yi ba. Masu zuwa dubiya za su ce ka kwanta kada ka motsa. Da kyakkyawar niyya suke faɗi, amma doguwar kwanciya tana sa tsoka ta saki, baya kuma ya ƙara ƙagewa.

Makonnin farko

Tafiya ita ce maganin farko, sau da yawa tun ranar aikin ko washegari ake tayar da mutum. Yi minti 5 zuwa 10 a wuri mai shafe, sau da dama a yini, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kada zama ya wuce minti 20 zuwa 30 ba ka miƙe ba. Cikin mako 4 zuwa 6 na farko, likitoci kan hana sunkuyo, da murɗa jiki, da ɗaukar abu mai nauyi. Tambayi naka likitan iyakar kilo nawa ya yarda maka.

Tashi daga gado ma koyonsa ake yi. Lanƙwasa gwiwoyi. Mirgina gefe, kafaɗa da ƙugu su juya tare. Zuro ƙafafu ƙasa, ka dafa da gwiwar hannu ka tura jikinka sama. In abu ya faɗi, tsuguna da gwiwa, bayanka a miƙe.

Bayan nan likitan gashin ƙashi zai nuna maka atisayen ƙarfafa ciki da ƙugu. Ga ɗaya da aka saba farawa da shi: kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗan tsuke cikinka kamar kana jan cibiya ciki, ka ƙirga biyar kana numfashi, ka saki. Keken motsa jiki da ninƙaya sukan biyo baya idan ɗinki ya warke. Gudu, tsalle, ƙwallo da ɗaga ƙarfe su ne na ƙarshe, galibi sai wajen wata uku, kuma da izinin likita. Faifan yana iya sake ɓullowa, kuma shan taba yana ƙara wannan haɗari.

Wane ciwo ake haƙuri da shi?

Tsamin jiki a baya wanda ya lafa kafin washegari, ba laifi, ci gaba. Ciwon da ya harba ƙafa, ko yake ƙara sauka ƙasa, tsaya, ka rage. Ranar da ka ji garau ita ce abin tsoro, don ranar ake zarce gona da iri. Rubuta a littafinka minti nawa ka yi da yadda ka kwana, ka kai wa likita.

Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini. Ibuprofen da diclofenac suna iya taɓa ciki da ƙoda. Tramadol yana kama jiki, yana kuma taurara bayan gida, yunƙuri kuwa yana damun baya. Kada ka sha sai likita ya rubuta.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye. Idan fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida ya zubo ba ka sani ba, ko matsematsi ya sage, ko ka fara jan ƙafa, tafi asibiti nan take. Haka in zazzaɓi ya zo, ko ɗinkin ya yi ja yana fid da mugunya ko ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi.