Wannan -ent ɗin na ƙarshen aikatau a Faransanci

'Yan uwa masu koyon Faransanci, musamman ɗalibanmu na Maraɗi da Damagaram, ga inda muke yawan tuntuɓe: -ent ɗin ƙarshen aikatau bayan ils ko elles (wato "su") ba a furta shi. A il parle (tilo) da ils parlent (jam'i), aikatau gaɓa ɗaya ce kacal, "parl". Don Allah kada ku ce "par-lan", wannan parlant ne, kalma daban.

To ta yaya kunne zai gane jam'i? In aikatau ya fara da wasali, s ɗin ils kan koma z ya manne masa: ils aiment, "il-zem", il aime kuwa "i-lem". Amma -ent ɗin souvent da lentement ana furta shi ta hanci, domin ba aikatau ba ne.