Mai juna biyu a Nima: yadda za ki ci wagashi da cuku hankali kwance

Sannu da zuwa, 'yar'uwa. Idan kin iso Ankara ta ƙasar Gana da juna biyu, ko a Nima kika sauka ko Mamobi ko Madina, ba za ki kwana biyu ba sai an miƙo miki wagashi. Baƙuwa daga Kano ko Zariya takan ɗauka awara ce. Awara da waken suya ake yin ta, wagashi kuwa na madarar shanu ne: Fulani ke ɗora madara a wuta, su zuba ruwan tumfafiya har ta tsinke ta dunƙule. Yana gina jiki, yana da sinadarin kalsiyam da ƙashin jariri ke buƙata, shi ya sa ba na cikin masu cewa mai ciki ta ƙaurace masa. Roƙona ɗaya ne, ki ci shi da zafinsa.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira listeriya, wadda ke laɓewa a ɗanyar madara da cuku mai laushi. Ba ta sauya wari, ba ta sauya ɗanɗano, kuma tana ci gaba da hayayyafa ko a cikin firji. Mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kamar sau 10. Uwa za ta iya jin ɗan zazzaɓi da ciwon jiki kawai, amma cutar ta ratsa mahaifa ta jawo ɓari, ko haihuwa kafin lokaci, ko a haifi jariri ba rai, Allah Ya kiyaye. Wuta kuwa tana kashe ta.

An dafa wagashi tun wajen yi, gaskiya ne. Matsalar tana shigowa ne bayan an sauke: hannun da ya ɗauka, ruwan da aka jiƙa shi a ciki, sa'o'in da ya yi a tire cikin rana. Ki dubi fari ɗin nan da ake tallansa a roba, ruwansa ya yi kauri, ƙuda na zagaye. Kada ki gutsura a hanya komai kwaɗayi. Ki kai gida ki yanka ƙanana, ki soya, ko ki jefa a miya ta tafasa da shi har tsakiyarsa ta yi tururi. A wurin mai waakye, wato shinkafa da wake irin ta Gana, ki ce, "Hajiya, don Allah a ba ni wanda ya fito daga mai yanzu." Wanda aka soya da asuba ya kwanta har azahar, ki bar wa maigida.

Haka burkina, wato nonon da ake haɗawa da gero, da fura da nono. Ki tambayi mai sayarwa ko an tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ki dama furarki a gida da yogot na kamfani. Ɗanyar madara, ko da a gabanki aka tatso, sai ta tafasa.

Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda mutanen nan ke kira dumso. Firjin da ya wuni ba wuta ba abin dogaro ba ne, don haka ki riƙa sayen na ci ɗaya.

Cukun kanti ba shi da wahala. Idan maigida ya shiga manyan kantunan unguwar Osu, ya duba kalmar "pasteurised" a jikin leda, ma'ana an dumama madarar har ƙwayoyin cuta sun mutu. Cuku mai tauri irin su cheddar da parmesan ba laifi, haka ɗan mai kusurwa uku na Laughing Cow da yara ke shafa wa burodi. Brie da camembert masu farin ɓawo, da mai tsanwa-tsanwa a ciki, ki haƙura da su sai kin sauka lafiya, sai fa an gasa su suna tiriri.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓi. A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa irin su Nima, duk zazzaɓi ana ɗaukarsa na sauro ne, sai a aika yaro kemis. Mai ciki kada ta yi haka. Alamun listeriya suna iya ɓulla makonni bayan an ci abin, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya taɓa ta, nata maganin daban ne. Ki yi rajistar inshorar lafiya ta NHIS da wuri, tun 2008 mata masu ciki ba sa biyan kuɗin shiga, sannan ki fara zuwa awo a asibitin Mamobi ko wanda ya fi kusa da ke. Ranar da jikinki ya yi zafi, ko kika ji motsin jariri ya ragu, ki ɗauki littafin awonki ki tafi a ranar, ki faɗa wa ungozoma duk abin nono da kika ci a 'yan makonnin nan.