Sayen Gida ko Haya ga Mai Aikin Tafiye-tafiye: Kurakuran da Aka Fi Yi

Ma'aikacin da rabin shekararsa ke ƙarewa a hanya, ko wanda takarda guda za ta iya ɗauke shi daga wannan gari zuwa wancan, lissafinsa na muhalli daban yake da na mai zaune wuri ɗaya. Amma shawarar da ya fi ji ta mazauna ce: "Kuɗin haya asara ne, sayi naka ka huta." Ga wasu gaskiya ne. Ga wasu kuwa wannan shawara ce ke sa su binne dukiyarsu a garin da za su bari tun fenti bai dusashe ba.

Rashin bambance tafiya da canjin wurin aiki

Daga nan yawancin sauran kurakuran ke tsirowa. Akwai mai fita ya dawo: direban babbar mota, ma'aikacin jirgin sama, injiniyan da ke mako biyu a wurin aiki mako biyu a gida. Wannan yana da masauki tsayayye, kuma idan iyalinsa na zaune a ciki, sayen gida na iya yi masa daidai. Akwai kuma wanda ake sauya wa gari gaba ɗaya duk bayan shekara biyu ko uku. Shi ba tafiya yake yi ba, ƙaura yake yi.

Kafin ka je kallon kowane gida, ɗauki kalandar shekara biyu da suka wuce ka ƙirga kwanakin da ka kwana a gidanka. Kada ka dogara da tunani, duba tikitoci da rasit na otal. Sannan ka tambayi waɗanda suka riga ka a matsayinka shekara nawa suka yi kafin a ɗaga su. Wanda ya kwana 100 kacal a gida cikin shekara, kuma babu kowa a ciki in ya fita, kowane daren da ya kwana ya biya masa kuɗin fiye da dare uku.

Auna kuɗin haya da biyan bashin wata kawai

Mutum zai ga hayarsa ta wata ta yi kusa da abin da banki zai riƙa cira in ya ci bashin sayen gida, sai ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ɗan haya yana biyan abu ɗaya. Mai gida yana biyan bashi, da gyara, da inshora, da harajin gida inda ake karɓa, da kuɗin gadi da shara a rukunin gidaje. Masu harkar gidaje kan ba da shawarar a ware kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na darajar gidan kowace shekara don gyara kaɗai, tsohon gida kuma ya fi haka ci.

Sai batun bashin kansa, wanda ya kamata a tsaya a kansa. A ɗauki bashin 100, ko dubu ne ko miliyan, a kan ruwa kashi 10 a shekara, za a biya cikin shekara 20 da biya iri ɗaya kowane wata. A shekara za ka riƙa biyan kusan 11.6. Bayan shekara biyar ka zuba kusan 58, amma uwar bashin ba ta ragu da abin da ya wuce 10 da ɗan kaɗan ba. Kusan 48 sun tafi a ruwa. Dalili shi ne ana lissafa ruwa a kan abin da ya rage, kuma a farkon shekaru bashin na nan kusan yadda yake. Wanda aka yi wa canjin aiki a shekara ta uku, abin da ya mallaka a cikin gidan bai wuce kuɗin da ya biya daga aljihunsa lokacin saye da ɗan ƙari ba. Ko ta hanyar bankin da ba ya mu'amala da ruwa aka saya, sai an tambaya a rubuce: idan na so sayarwa kafin wa'adi, nawa zan biya?

Ga kuma kuɗin shiga da fita. La'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin binciken takardu, rajista da haraji: idan aka haɗa na saye da na sayarwa, a ƙasashe da yawa sukan kai kashi 5 zuwa 10 na farashin gidan. Ba sa dawowa. Shi ya sa masana ke cewa wanda bai da tabbacin riƙe gida shekara biyar, haya ta fi masa. Wani ma'auni mai sauƙi: raba farashin gidan da hayar irinsa ta shekara. In amsar ta gaza 15, saye na da ƙarfi. In ta haura 20, haya ta fi araha. Inda kuɗin ruwa ya yi tsada, sai a ƙara saukar da waɗannan lambobi.

Ɗaukar cewa gidan da aka kulle yana hutawa

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗigon da mai zaune zai gani da safe ya kira mai gyaran famfo, a gidan da ba kowa yakan yi wata biyu yana jiƙa bango har siminti ya fara ɓarewa, katakon kabad ya kumbura. Ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututun bayan gida da na wurin wanke hannu, shi ke tare wari da kyankyasai. In an daɗe ba a yi amfani da shi ba sai ya ƙafe, mai gida ya dawo ya tarar da ɗaki ba ya shaƙuwa. Gara na aikinta a ƙofa da rufi ba mai gani. Ganye ya toshe indararo, ruwan sama ya koma cikin silin.

Gyaran ba shi da tsada in an yi shi a kan kari. A rufe babban famfon da ke shigo da ruwa kafin a fita. A kwashe firji, a kashe shi, a bar ƙofarsa a buɗe. A zare kayan lantarki daga bango. A samu mutum guda, sananne, da zai shiga duk mako ko mako biyu, ya buɗe tagogi, ya zuba ruwa a kowane magudani, ya ɗaga kai ya duba silin, ya turo hoto. A biya shi. Aikin alfarma yakan yi sanyi bayan wata na biyu, kuma da wuya ka tuhumi wanda ke maka kyauta.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne inshora. Yarjejeniyoyi da yawa na rage kariya ko su janye ta idan gida ya yi kwana 30 ko 60 a jere ba kowa. A nemi wannan sharaɗi a karanta, a faɗa wa kamfanin yanayin aikin tun ranar farko.

"In an ɗauke ni sai in zuba 'yan haya"

Ana faɗar wannan kamar abu mai sauƙi. Mai gida daga nesa yana buƙatar wakili, kuma kamfanonin kula da gidaje kan ɗauki wajen kashi 10 na kuɗin haya. A cire wata ɗaya a shekara na zaman gida ba kowa tsakanin mai fita da mai shiga, a cire fenti da gyara, a cire haraji. Abin da ya saura shi za a gwada da biyan banki. In bai rufe ba, kai za ka riƙa cikowa alhali kana biyan haya a sabon gari. Wasu bankuna ma ba sa yarda a ba da hayar gidan da aka ci bashinsa don zama sai da izininsu. Takardar wakilci kuwa a taƙaita ta: karɓar haya, da gyara zuwa wani adadi, da ranar ƙarewa. Kada ta haɗa da ikon sayarwa ko jingina.

Masu haya ma na kuskure

Babban nasu shi ne sa hannu a kan doguwar yarjejeniya ba ƙofar fita. A nemi a rubuta cewa in wurin aiki ya canza maka gari, za ka ba da notis na wata ɗaya ko biyu tare da takardar shaida, a mayar maka da ragowar kuɗinka. A duba ko an yarda ka sa wani a madadinka. A ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita ranar shiga. Kuma kada a kama gida mai ɗaki huɗu don kaya su zauna. Ƙaramin wuri kusa da filin jirgi ko tasha, a bene mai mai gadi, ya fi wa matafiyi amfani, sauran kaya a kai ma'ajiya.

Na biyu shi ne cinye rarar. Haya na fin saye ne idan bambancin da ke tsakani ya tafi wurin ajiya ko jari duk wata, ta umarnin da aka ba banki ya cira da kansa ranar albashi. Haka alawus na gida da wurin aiki ke bayarwa: a tambaya ko zai ci gaba in ka sayi naka, don wasu wuraren hayar kaɗai suke biya.

Wanda kuma ya gama lissafi ya ga saye ne ya dace da shi, kada ya juye duk abin da ke hannunsa a kuɗin farko da ake biya lokacin saye. Ya bar abin da zai ɗauki biyan gidan wata shida, domin gida ba ya sayuwa cikin mako guda, takardar canjin aiki kuwa takan ba da mako biyu zuwa huɗu ne a kama aiki a sabon wuri.