Wane Agamemnon Ake Nufi? Yadda Ake Bambance Jiragen Ruwa Masu Suna Ɗaya

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Jos da ya ci karo da jirgin ruwa mai suna Agamemnon kada ya yi gaggawar kwafe abin da intanet ta fara nuna masa. Sunan na sarkin da ya ja Girkawa yaƙin Taroy ne a tatsuniyoyinsu, kuma Turawan Ingila sun raɗa wa jirage da dama, kamar yadda ake samun takwara a gida ɗaya.

Fara duba haruffan da ke gaban sunan. HMS na rundunar sojan ruwan Birtaniya ne, SS kuwa jirgin tururi ne, galibi na 'yan kasuwa. Da wannan kaɗai ka ware SS Agamemnon na 1865, wanda kamfanin Alfred Holt na Libaful ya sa a hanyar Sin.

Sai shekara, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Na 1781 na katako ne mai igwa 64. Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya taɓa jagorantar sa, jirgin ya halarci yaƙin Tarafalga a 1805, ya lalace a bakin kogin Filata na Kudancin Amurka a 1809. Saboda haka duk labarin shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin Tekun Atlantika a 1858 ba nasa ba ne, na magajinsa ne na 1852 mai igwa 91 da injin tururi. Wanda aka sa hannu kan tsagaita wuta da Daular Usmaniyya a cikinsa, ta Turkiyya fa, ba ta Sakkwato ba, ranar 30 ga Oktoba 1918, na ƙarfe ne. An saka shi a ruwa a 1906, aka kammala shi a 1908. Wani littafi ya ɗauki shekarar farko, wani ta biyu, marar lura sai ya ƙirga jirgi biyu.

Jirgin kasuwanci yakan sake suna idan an sayar da shi, don haka lamba ta fi suna amana. Birtaniya ta fara ba jiragenta lambar rajista a 1855, na zamani kuma suna da lambar IMO, wato ta hukumar kula da sufurin ruwa ta duniya, mai alƙaluma bakwai, wadda ba ta canzawa. A rubutunka, liƙa shekarar saka jirgi a ruwa kusa da sunansa tun ambaton farko.