Darasi na 9: Maganin Zaizayewar Ƙashi da Yadda Ake Shan Sa

Ƙashi yana zaizayewa ba tare da ciwo ba. Sau da yawa sai an ɗan zame an karye a ƙugu ko wuyan hannu kafin a gane. Ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, da masu daɗewa suna shan magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone, har da masu shan su don su yi ƙiba.

Maganin da likita ya fi rubutawa shi ne alendronate, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70, sau ɗaya a mako. Yana rage saurin cinyewar ƙashi, amma shan sa akwai ƙa'ida, kuma nan ne mutane suka fi kuskure.

Ki sha da safe, ciki babu komai, da cikakken kofi na ruwa zalla. Ban da shayi, ban da koko, ban da nono, domin suna hana jiki ɗaukar maganin. Kada ki tauna. Bayan kin haɗiye, ki zauna a miƙe ko ki tsaya har minti 30, kada ki ci komai. Mai komawa barci bayan Asuba ta kiyaye: idan kika kwanta, ƙwayar tana iya ƙona hanyar abinci. Gara ki idar da salla tukuna, sannan ki sha.

Ƙwannafi da ciwon ciki ne illar da aka fi gani. Idan haɗiya ta fara yi miki wuya ko ƙirji na zafi, ki dakata ki koma asibiti. Wasu illolin ba su cika faruwa ba: gyambo a muƙamuƙi bayan cire haƙori, ko ciwon cinya da ya ƙi tafiya. Saboda gyambon muƙamuƙin ne ake son ki gyara haƙoranki kafin ki fara.

Akwai zoledronate da ake sawa ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. Yakan kawo zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku, kuma sai an duba ƙoda. Allurar denosumab kuwa duk wata 6 ake yi. Ita kada ki kuskura ki tsallake ranarta, ƙashin baya na iya karyewa.

Aiki: Zaɓi rana ɗaya a mako. Rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin maganin.